Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Golf ta Zumunci a Saudiyya

Hausawa mazauna Jidda da Makka da Riyad sun fi sabawa da ƙwallon ƙafa, amma tun da aka fara gasar Saudi International a filin Royal Greens da ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah a 2019, sannan asusun zuba jari na gwamnati ya ɗauki nauyin gasar ƙwararrun 'yan golf mai suna LIV a 2022, wasu daga cikinmu sun fara riƙe sandar golf, suna kuma neman abokan fita. Haɗa mutum takwas ko goma sha biyu ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne a shekara ana fita tare ba tare da an ɓata ba, domin golf wasa ne da ba alƙali ke bin ɗan wasa ba. Mutum shi ke ƙirga bugunsa, shi ke yanke wa kansa hukunci idan ya yi kuskure, saboda haka ƙungiyar da ba ta ginu a kan amana ba ba za ta yi nisa ba.

A fara da raba aiki tsakanin mutum uku: shugaba, da sakatare mai kama lokaci a fili yana kuma adana katunan maki, da ma'aji. A rubuta ƙa'idojin ƙungiya a shafi ɗaya, a saka a zauren WhatsApp, kowa ya amsa cewa ya gani. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce ta janyewa. Filaye suna sayar da lokacin farawa ne ga rukunin da bai wuce mutum huɗu ba, don haka wanda ya ce zai zo, gari ya waye bai zo ba, ya bar wa 'yan'uwansa nauyi. A tsayar da rana, misali daren Laraba, wadda bayanta duk wanda ya janye zai biya kasonsa. Wannan doka tana da ɗaci a karon farko, amma a ganina ita ce ke hana ma'aji cike giɓi daga aljihunsa har ya gaji ya ajiye aikin.

Lokacin fita yana bin yanayi da salla. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, kuma cikakken wasa na ramuka 18 yakan ci kimanin awa huɗu, saboda haka Asabar ta fi sauƙi. Idan Juma'a ce, a fara da an idar da Asuba, ko a tsaya a ramuka 9 domin kowa ya samu masallaci cikin natsuwa. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Riyad yakan haura digiri 40, na Jidda kuma yana zuwa da gumi mai nauyi, don haka ruwa da hula wajibi ne, kuma babu kunya a ce dattijo ya tsaya a rabin wasa. Mutanen Riyad suna da filayen Dirab da Riyadh Golf Club, na Jidda kuma sai su haɗu a motoci biyu ko uku zuwa Royal Greens, mai nisan kimanin kilomita 100 ta arewa.

Sai batun daidaita gwani da ɗan koyo, wanda a nan ne yawancin ƙorafi ke tasowa. Tsarin rangwamen bugu na duniya, wato handikaf, wanda hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin golf, suka fara aiki da shi a 2020, yana ɗaukar sakamako 8 mafi kyau daga wasanni 20 na baya-bayan nan, kuma iyakarsa 54. Wanda bai da shi a hukumance, sakatare ya tara katunansa na ramuka 54 kafin a sa masa lamba. Kada a yarda mutum ya faɗi lambarsa da baki. Ga ƙungiyar zumunci kuwa, lissafin Stableford ya fi dacewa: bayan an cire rangwame, wanda ya jefa ƙwallo a rami da adadin bugun da aka ƙayyade wa ramin yana da maki 2, wanda ya ƙara bugu ɗaya yana da 1, wanda ya rage ɗaya yana da 3. Wanda ya ƙara biyu ko fiye ba shi da komai, sai ya ɗauki ƙwallonsa a wuce. Amfanin wannan shi ne rami ɗaya da ya ɓaci ba ya lalata wa mutum yininsa, kuma ba a tsayar da na baya ana jiran bugu na goma.

Jinkiri shi ne laifin da filaye ba sa yafe wa baƙi. Dokokin da aka sabunta a 2019 sun rage lokacin neman ƙwallo daga minti 5 zuwa 3, sun kuma shawarci ɗan wasa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40. Wanda ya shirya ya buga idan babu haɗari, ba sai an jira wanda ya fi nisa ba. A nan al'adarmu ta girmama manya takan sa matashi ya yi shiru yana kallon dattijo yana tona yashi da ƙafa har minti goma, ga rukunin baya sun tsaya sun riƙe ƙugu. Shugaba ya sanar tun farko cewa tunatarwa ba raini ba ce. Ya isa a ce, "Alhaji, a yi haƙuri, minti uku sun cika, mu ba na baya hanya." Idan kuma mutum yana zargin ƙwallonsa ta ɓace ko ta fita bayan fararen turakun da ke nuna iyakar fili, ya faɗa a fili cewa zai buga wata ƙwallo ta wucin gadi kafin ya bar wurin, domin hukuncin ɓatacciyar ƙwallo shi ne ƙarin bugu ɗaya da komawa inda aka bugo ta. Sanduna ba sa wuce 14 a jaka, kuma idan doka ta ba da damar ɗaukar ƙwallo a sake ta a wani wuri, daga tsayin gwiwa ake sakinta.

Ladabin fili ba shi da yawa, amma ana lura da shi. Ana yin shiru, a tsaya a gefe, lokacin da wani zai buga, kuma ba a taka layin da ke tsakanin ƙwallonsa da rami. Wanda ya shiga kwarin yashi ya share sawunsa da manjagara kafin ya fito, wanda ƙwallonsa ta lotsa lallausar ciyawar da ke kewaye da tuta ya gyara wurin. A ƙasar da ake wahalar samun ruwan da ake shayar da wannan ciyawa, barin ɓarna a kanta rashin godiya ne. Idan ƙwallo ta nufi mutane, a ɗaga murya nan take. A kuma tambayi ƙa'idar tufafi ta kowane fili kafin a kawo baƙo, don kada a mayar da shi daga ƙofa.

Kada a bari caca ta shigo da sunan ƙara armashi, ko da riyal goma ne a kan rami. Addini ya haramta ta, dokar ƙasa ma ta hana. Idan ana son kyauta, wani da ba ya cikin gasar ya ɗauki nauyinta, kuɗin ƙungiya kuma ya tsaya ga biyan fili da abincin da za a ci tare bayan an tashi.

Idan aka sami saɓani a kan doka ana tsakiyar wasa, kada a tsaya gardama. A wasan da ake ƙirga bugu, doka ta ba ɗan wasa damar ƙarasa ramin da ƙwallo biyu: ya faɗa wa abokan rukuninsa wadda yake so a ƙirga masa kafin ya buga, ya ƙarasa da duka biyun, sannan ya kai maganar ga sakatare kafin ya miƙa katinsa, ko da sakamakon ya zo ɗaya. Sakatare ya duba littafin dokoki, wanda ake samu kyauta a manhajar R&A, ya yanke hukunci a gaban mai wasan da wanda ya rubuta masa maki, kowannensu ya sa hannu a katin.