Yadda nake koyar da sauye-sauyen furotin na miyalin da kara, leda da wake

Duk shekara idan jarrabawa ta matso, ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo kan zo zaurenmu bayan la'asar da tambaya guda: Malam, ta yaya za mu haddace sunayen furotin na miyalin, rigar da ke naɗe jijiya, da sauye-sauyen da ake yi musu? Ni kuwa nakan ce su rufe littafin tukuna. Wanda ya fara da hadda, kafin sati ya zagayo ya zube masa. Na fi son a fara da hannu.

Ka samo karan dawa guda, baƙar leda da ba ta huje ba, da wake cikin tafi. Karan shi ne jijiya. A Hausa da ta jini da ta saƙo duk jijiya muke cewa, to nan ta saƙo nake nufi, wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa. Ledar kuma ƙwayar halitta ce mai naɗe jijiyar: a hannu da ƙafa ana kiran ta ƙwayar Schwann, a ƙwaƙwalwa da laka kuwa oligodendirosit. Ka matse iskar cikin ledar ta kwanta shamɓal, sannan ka naɗa ta a jikin karan kamar rawani, zagaye bisa zagaye. Abin da ke hannunka shi ne miyalin, sunan da Rudolf Virchow ya raɗa masa a 1854. Idan aka cire ruwa, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasa kitse ne, sauran furotin. Da shi saƙo kan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa, jijiyar da ba ta da shi kuwa da ƙyar take wuce mita 2.

Yanzu ka saki hannunka. Ledar za ta warware. Nan darasin yake: me ke riƙe naɗin a cikin jiki?

Ka duba da kyau, wurin mannewa biyu ne. Cikin ledar ya haɗu da cikinta, bayanta kuma ya haɗu da bayan zagaye na gaba. Furotin mai suna MBP shi ne ƙaron da ke manne ciki da ciki. A waje kuma akwai PLP a ƙwaƙwalwa, da P0 a jijiyoyin gaɓɓai. Bayan jiki ya gama ƙera waɗannan furotin, yakan koma ya liƙa musu wasu ƙananan abubuwa ko ya sauya wani ɓangare nasu. Kowane sauyi ka ci karo da shi, ka yi masa tambaya uku: me aka sa, a ina aka sa, kuma ƙaron ya ƙara kamawa ko ya saki?

A kan MBP nake daɗewa, don nan ne wake yake aiki. Fuskar ledar ta ciki tana da caji mai alamar −, shi kuwa MBP cike yake da +, shi ya sa suke kama juna. Ka ƙirga wake 19 a kan tabarma. Wannan shi ne yawan + ɗin da MBP na mutum ke da shi idan ba a taɓa shi sosai ba, nau'in da ake kira C1. Akwai wani inzayim, wato furotin mai gudanar da sauyi a jiki, sunansa PAD2, wanda ba ya aiki sai da kalsiyam. Aikinsa shi ne juya arjinin, ɗaya daga cikin tubalan da aka gina furotin da su, mai ɗauke da +, ya koma sitirulin marar caji, kuma kowane juyi guda yana tafiya da + guda. Ɗebe wake 6. Saura 13, ka samu C8 ke nan, ƙaron da ya tsinke. A lafiyayyen baligi kusan kashi 20 cikin ɗari na MBP ne yake haka. A masu cutar da likitocinmu ke kira SEP, wadda ke cinye miyalin na ƙwaƙwalwa da laka, yakan kai kusan 45. Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a nan, ta ce: "Malam, ashe sitirulin cuta ce?" Na ce a'a, ƴata, a jarirai ƴan ƙasa da shekara 2 kusan duk MBP ɗinsu irin wannan ne, don naɗin nasu bai gama ƙwari ba. Abin da ya dace da jariri ne ke zama matsala idan ya dawo wa babba. Ko shi ke kunna cutar ko cutar ke jawo shi, masana na nan suna jayayya, kada ka rubuta a takardar jarrabawa kamar an yanke hukunci.

Fosfat, wani ƙaramin sinadari da ake liƙa wa MBP, shi ma yana rage +, sai dai shi ana sawa ana cirewa, kamar maɓallin riga. Ka riƙe wannan ka wuce.

PLP, wanda Folch da Lees suka gano a 1951, ana rataya masa jelar kitse mai suna palmitat a kan tubalinsa mai suna sisteyin. Jelar na nutsewa cikin ledar kamar turke, ta riƙe shi. P0 ma yana da irin wannan jela, ga kuma reshen sukari guda da inzayim ya dasa masa a waje da gangan.

Na ce da gangan, saboda nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Sukarin da inzayim ya dasa a wurinsa daban, sukarin da ya manne da kansa daban. Na biyun shi ke faruwa a mai ciwon sukari: sukari ya yi yawa a jini shekara da shekaru, ya riƙa liƙewa a furotin ba tare da inzayim ba, furotin na miyalin kuwa masu daɗewa ne, ba a saurin musanya su. Wannan na daga cikin hanyoyin da jijiyar ƙafa ke lalacewa. Gwaggona ta yi wata biyu tana cewa tafin ƙafarta kamar tana taka auduga, ran nan muka ga ƙaya ta shige ta ba ta ji ba. Tun daga ranar, idan na zo wannan gaɓa ba na gaggawa. Mu nan Maradi mun san mutuwar ƙafa ta wata hanyar ma, don asibitin Danja ya daɗe yana kula da masu kuturta, ƙwayar kuturta kuwa cikin ƙwayar Schwann take shiga ta zauna.

Sauyi na ƙarshe da nake so ka riƙe shi ne metil, wani ƙaramin sinadari da ake ɗora wa arjinin da ke gurbi na 107 a jerin tubalan MBP. Mai kawo metil ɗin ya dogara da bitamin B12, da ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Ƙarancin B12 na lalata miyalin na laka, mutum ya riƙa jin mutuwar ƙafa yana tangaɗi cikin duhu, kuma masana na ganin raguwar metil na cikin dalilan. Metformin, maganin sukarin da mutanenmu da yawa ke sha, yana iya rage B12 idan an daɗe a kansa. Saboda haka idan dattijo mai ciwon sukari ya zo maka da mutuwar ƙafa, kada ka tsaya a awon sukari kaɗai, ka tambaye shi shekara nawa yana shan maganin, ka nemi a auna B12.

Daren jarrabawa ka ɗauki farar takarda, ka zana karan da naɗinsa ba tare da duba littafi ba, ka ɗora kowane furotin a wurinsa, ka amsa tambayoyin nan uku ga kowane sauyi. Inda ka cije, koma ka ƙirga waken.