Kurakuran da masu haɗa manhaja ke yi da bayanan shafin wasu

Wallahi na gaji da ganin ƙannenmu masu koyon haɗa manhaja suna faɗawa rami ɗaya. Yaro zai ga wani shafi ya bar ƙofar bayanansa a buɗe, API ko RSS, wato hanyoyin da manhaja ke jawo bayanai daga shafi, sai ya jona ya ɗora manhajarsa kacokan a kai, ranar da aka rufe ƙofar ya zo yana cewa an zalunce shi.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa duk abin da ke buɗe naka ne. Ni wannan ya ci ni ba kaɗan ba. Na taɓa haɗa wa masu gidajen kallon ƙwallo manhajar sakamakon wasanni, komai daga shafi guda nake jawowa, ban tura musu imel ba, ban karanta sharuɗɗansu ba, na ga dai abu na tafiya na ci gaba da karɓar kuɗin mutane. Wata Asabar ana tsaka da wasa waya ta fara ruri, wannan ya kira wancan ya kira, na buɗe kwamfuta hannuna na rawa, ba komai a allon sai 403. Sun toshe ni. Daga aljihuna na mayar wa kowa kuɗinsa, kuma kunyar ta fi asarar ciwo. Da na je na karanta sharuɗɗan, ƙarara suka rubuta ba a yarda a yi kasuwanci da bayanansu ba. Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Kar ka ce don ni ƙaramin alhaki ne. Tweetbot da Twitterrific, manhajojin da wasu suka haɗa don shiga Twitter, kowanne ya haura shekara goma yana aiki, a Janairun 2023 Twitter ta yanke su ba ko sanarwa. A shekarar dai Reddit ta sa senti 24 a kan kowane kira 1,000 na neman bayananta, Christian Selig mai manhajar Apollo ta karanta Reddit ya lissafa ya ga zai riƙa biyan kusan dala miliyan 20 a shekara, dole ya rufe a 30 ga Yuni duk da yajin da masu amfani da shafin suka yi. Waɗannan fa da izini suka shiga. Masu shiga ba sallama kuwa, Craigslist mai shafin tallace-tallace ta maka PadMapper da 3Taps masu kwasar bayananta a kotu a 2012, ƙarshe 3Taps ta amince za ta biya dala miliyan 1.

Ni yanzu kafin in rubuta layi ɗaya sai na karanta sharuɗɗa na ɗauki hotonsu da kwanan wata, in tura imel in nemi izini a rubuce. Sannan duk wurin jonawar a fayil guda nake tara shi, da madogara ta biyu a gefe, in an rufe nan in juya can kafin la'asar.

Kuskure na biyu kuwa haushi yake ba ni. Ka bar kowace waya tana buga ƙofar mutane kai tsaye duk bayan daƙiƙa biyar, haba! Wa ke biya musu kuɗin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin? Sun turo maka 429, wato ka rage gudu, kai kuma ka canza adireshi ka ci gaba, wannan ba wayo ba ne, rashin ta ido ne, kuma irinka ke sa a rufe wa kowa. Nominatim, wurin neman adireshi na taswirar OpenStreetMap, kyauta ne amma kira ɗaya a daƙiƙa suka yarda. Sa sabarka ta ɗauko sau ɗaya ta ajiye, wayoyi su ɗiba daga wurinka.

Makullin API kar ka bar shi cikin kod ɗin da ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod. Rubuta sunan masu bayanan inda za a gani, ba can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. Sa imel ɗinka a User-Agent, wato sunan da manhajarka ke gabatar da kanta da shi in ta kira, wataƙila su neme ka kafin su toshe ka. In kuma akwai sunaye da lambobin wayar mutane a cikin abin da kake kwasowa, dakata tukuna, Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023, kuma cewa a buɗe ka tarar da su ba za ta fishshe ka ba.