Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin sidi da naira

Na haura shekara 20 ina harkar goro a Alabar, nan Kumasi, ina taɓa ɗan canji a gefe, kuma kunnena ya gaji da musun yaran da ke cika min benci bayan la'asar. Kowa ya zaro waya yana nuna wa ɗan'uwansa lambar canjin sidin Ghana da naira, babu mai tambayar lambar ta wace shekara ce, ta wace sidi ce.

Wanda ya fi ci min rai shi ne manta sifili huɗu. A watan Yulin 2007, zamanin Kufuor, Bankin Ghana ya mayar da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa ɗaya. Kafin ranar, dala tana wajen sidi 9,300, naira ɗaya kuma tana sayen sidi 70 da 'yan kai. Da aka wayi gari sai ga sidi ɗaya tana sayen kusan naira 135. Ɗan ƙanwata ya ga wannan tsallen a jadawali, ya ce min, "Kawu, ka ga a dare ɗaya muka tsere wa Najeriya." Na ce masa, kai yaro, a daren nan ko ƙwaryar goro ɗaya ba ta yi araha ba. Takarda aka sauya. Najeriya ma ta so ta yi irinsa a watan Agustan shekarar, Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce zai yanke sifili biyu, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da shi. Shi ya sa nairar yau ita ce dai wadda Gowon ya fitar ranar 1 ga Janairun 1973, yayin da sidinmu ta sha aski.

In kana son gaskiya, duba haihuwarsu. Sidin 1967, wadda aka yanke wa sifili a 2007, sule 10 ce, wato rabin fam, nairar 1973 ma sule 10 ce. A ce yau sidi ɗaya tana sayen naira 140: raba 10,000 da 140, za ka ga naira ɗaya tana ɗaukar waccan tsohuwar sidin har 71. To wa ya tsere wa wa? Ni abin da nake yi, duk lambar da ta riga Yulin 2007 da jan biro nake rubuta ta. Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga rabon gadon mahaifinmu, da aka buɗe littafin bashinsa aka ga miliyan 7 a kan wani abokin cinikinsa tun 2005. Saura kaɗan zumunci ya tsinke, har an fara zancen sayen fili, alhali sidi 700 ce. Har gobe tsofaffin matan kasuwar Kejetia suna cewa miliyan ɗaya, nufinsu sidi 100, don haka a tambaya kafin a biya.

Na biyu kuwa ni ne na yi shi da hannuna, kuma har yanzu in na tuna sai shayi ya fita raina. A tsakiyar 2023 na ba wani mutum da muka daɗe tare huhunan goro na naira miliyan 2, zai kai Legas, ya biya in ya sayar. A lokacin sidi tana tsakanin naira 65 da 70 a hannun 'yan canji, wato kuɗina wajen sidi 30,000. Tinubu ya riga ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, na ji a rediyo, na ce ai abin na 'yan banki ne. Mutumin bai ci amana ba. Ya kawo miliyan 2 cif a watan Fabrairun 2024, lokacin da dala ta kai naira 1,500. Na canza, abin da ya shigo hannuna bai kai sidi 17,000 ba. Wa zan kai ƙara? Shi ya ce, "Alhaji, abin da muka rubuta ke nan," kuma gaskiyarsa. Ku da kuke ba da kaya bashi a kan "mun saba", ku shiga hankalinku. Kada kuma wani ya ce to sai ya riƙa rubutawa da sidi ya huta: a 2022 dala ta tashi daga sidi 6 ta haura 14 kafin ƙarshen Nuwamba, waɗanda suka kawo mana atamfa daga Kano bashi su suka yi kuka a shekarar. Yanzu ba na sakin huhu ɗaya sai an rubuta kwanan wata, da kuɗin da za a biya da shi, da farashin dala na ranar, mu biyu mu sa hannu. Wasu abokaina sun ce na cika tsanani. Su suka sani.

Akwai kuma masu ɗaukar farashin gwamnati su ce shi ne tarihi. Daga 1978 zuwa 1983 takarda tana cewa dala sidi 2.75 ce, amma a zamanin kalabule, wato zamanin cuwa-cuwa da ɓoye kaya, wa ya taɓa samun ta haka in ba mai hanya a sama ba? A bayan fage ta ninka haka sau goma-goma. Sai a 1988 aka halatta shagunan canji a Ghana. Zamanin Abacha ma gwamnati tana cewa naira 22, kasuwa tana sama da 80. In ka haɗa farashin gwamnatin wata ƙasa da na kasuwar ɗayar, lissafinka ya zama tatsuniya.

Sauran ƙanana ne. Sidin Nkrumah ta 1965 daban take da ta 1967, fam ɗaya sidi 2.40 ne a waccan. Lambar da waya ke nunawa ta tsakiya ce, ɗan canji yana da farashin saye da na sayarwa, a tsakaninsu yake cin tuwo. Sannan sidi da naira ta kan dala suke gaisawa, don haka in ka ga canjinsu ya motsa, duba wacce a cikinsu ta zame a gaban dala kafin ka zagi mai canjin.