Yadda Nake Kallon Tsofaffin Finafinan Ban Tsoro

Fara kashe fitila, ka kife waya. Fim ɗin baƙi-da-fari da inuwa yake razana mutum, ɗan haske a ɗaki sai ya ɓata komai. A talabijin kuma rage hasken allo, kuma kada ka bari ya miƙe hoton. Kusan murabba'i aka ɗauke su, in ka ja sai fuskoki su kumbura.

Ni da fim ɗin Frankenstein na 1931 nake fara wa baƙo, saboda idanun nan masu kamar jin barci na Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon fim ɗin. Nosferatu na 1922 babu magana a ciki, bari sai ka saba. Inuwar dodon cikinsa mai dogayen farata tana hawa matakala, wallahi har yau sai na leƙa bayan ƙofa.