Yadda Ake Shiga Gardamar Zaɓen Amurka da Launin Fata Ba Tare da an Sha Kunya Ba

Duk bayan shekara huɗu, da zarar Nuwamba ta ƙarato, mutanen da ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba sai su zama masana siyasar Amurka. Har da ni, ban cire kaina ba. Ɗan abin da na fi wasu da shi kawai, ina koyar da tarihi a sakandare, kuma ina da ƙane mai jan tasi a Bronx cikin birnin New York, wanda nake kira idan abu ya shige mini duhu. Gardamar takan fara da biza ko Gaza ko tsadar kaya, amma ba ta nisa sai wani ya jefo maganar fata: "ai don baƙi ne suka zaɓe shi", "ai don baƙa ce suka ƙi ta", "ita ɗin ma wa ya ce maka baƙa ce?" Daga nan sai a koma zage-zage. In za ka shiga, ga yadda ni nake yi.

Kafin ka rubuta komai, tambayi abokin gardamarka wa yake nufi da baƙi, kuma da ma'aunin wa ya auna. Tambayar kamar ta rainin hankali, amma rabin rigimar a nan take kwance. Mu a wurinmu ɗa na uba ne. Sarakuna nawa aka yi a ƙasar Hausa 'ya'yan ƙwaraƙwarai, bai kuma hana su hawa karaga ba? Da wannan idon Bahaushe ke kallon Barack Obama: ubansa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, saboda haka ɗan Kenya ne, uwarsa Baturiyar Kansas ba ta shigo lissafi ba. Amurka kuwa a kan akasin haka ta gina nata. A 1662 Virginia, tun tana ƙarƙashin Ingila, ta kafa doka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi. In baiwa ce shi ma bawa ne, ko da ubangidanta ne ya yi cikin. Ba sai an gaya maka aljihun wa dokar take karewa ba. Bayan an soke bauta a 1865 lissafin bai mutu ba, rikiɗa ya yi ya zama abin da suke kira ƙa'idar ɗigon jini ɗaya, wadda Virginia ɗin dai ta sa a doka a 1924: muddin an san da ɗan Afirka a kakanninka, ba ka cikin farar fata. Homer Plessy, wanda aka kama a New Orleans don ya zauna a taragon Turawa, shari'arsa kuma ta kai Kotun Ƙoli ta halatta wariya a 1896, mutum ɗaya ne kacal baƙi cikin kakannin iyayensa takwas. In ka gan shi a hanya Bature za ka ce. Shi ya sa da Obama ya zo cike takardar ƙidaya a 2010 ya zaɓi akwatin baƙar fata shi kaɗai, ba wanda ya yi mamaki a can.

Da wannan a hannunka, gardamar Kamala Harris ba za ta ba ka wahala ba. Ubanta ɗan Jamaica ne, uwarta 'yar Indiya, an haife ta a Oakland a 1964, ta yi karatu a jami'ar Howard wadda tun asali ta baƙaƙe ce. A Yulin 2024 Donald Trump ya faɗa a gaban taron 'yan jarida baƙaƙe a Chicago cewa da can 'yar Indiya take kiran kanta, sai kwatsam ta koma baƙa. Idan wani ya maimaita maka wannan, kada ka tura masa hotonta ka ce ya duba fatar. Hoto ba ya raba wannan gardamar. Ce masa a lissafin ƙasar duka biyun ne, kuma da ta je wasu jihohin kudu tana jaririya, da dokar lokacin ba ta tsaya tambayar ta wanne ta fi so ba.

Akwai dai wata gardama ta gaske a ƙarƙashin wannan, kuma tsakanin baƙaƙen ne su ya su: jikokin bayin da aka yi wa bauta a cikin Amurka, da 'ya'yan baƙin haure da suka zo daga baya. Ƙanena ya ce ba sau ɗaya ba fasinja baƙi ya ce masa, "Kai ɗan Afirka ne, kakanninka ba su tsinci auduga a nan ba." Bai taɓa musa musu ba, don gaskiya suka faɗa. Abin da yakan tuna musu shi ne Amadou Diallo, Bafulatanin Gini da 'yan sanda suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa a Bronx ɗin nan a 1999, ba shi da ko wuƙa. Ba su tambayi asalinsa ba. In gardama ta zo nan, Malam, yi a hankali. Ciwon ba naka ba ne, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Abu mafi sauƙi da za ka iya nuna wa mai taurin kai shi ne takardar ƙidayar 2020, tana nan a intanet. A ƙarƙashin baƙar fata an ba da misalai: ɗan Najeriya, ɗan Somaliya, ɗan Habasha, ɗan Haiti, ɗan Jamaica. Wato Bakano da Bayarabe da Inyamuri, duk rigimar da muke yi a gida, akwati ɗaya aka zuba mu. A ƙarƙashin farar fata kuma, tare da Bajamushe da ɗan Italiya, ga ɗan Lebanon ga ɗan Masar. Kwaran da ka sani a Kano, a wannan takardar Bature ne. Sai a 2024 gwamnatin ta amince a ware wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbin. A ƙidayar 1930 an lissafa 'yan Mexico a matsayin jinsi dabam, a ta 1940 aka goge. Sai a 2000 aka fara yarda mutum ya zaɓi akwati fiye da ɗaya. Mutane ne ke zama a ofis su ja layin, su kuma matsar da shi.

A nan ne wani ɗan boko zai taso ya ce, to ai shi ke nan, kimiyya ta ce babu jinsi, duk maganar wariya siyasa ce kawai. Ba shi gaskiyarsa tukuna. Tun 1972 masanin ƙwayoyin gado Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin 'yan Adam a cikin al'umma ɗaya ake samunsa, ba tsakanin wannan jinsi da wancan ba. Afirka ta fi kowace nahiya yawan wannan bambancin. Ko cutar sikila da ake cewa ta baƙaƙe ce, zazzaɓin cizon sauro take bi, shi ya sa ake samunta a Indiya da Saudiyya da Girka. Amma abu ya zama ƙirƙirarre ba ya nufin ba ya cizo. Iyakar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi Turawan Ingila da na Faransa ne suka zana ta, mutanen nan da na can dangin juna ne, amma ka ɗauko buhun shinkafa ranar da aka rufe boda ka gaya wa jami'in kwastan cewa layin ƙirƙira ne.

Sai alƙaluma, inda aka fi yin ƙarya da fuska a sake. Ka riƙe wannan: ƙuri'ar Amurka a asirce ake kaɗa ta, ba a rubuta launin mai ita a jiki. Duk wanda ya ce maka kashi kaza na baƙaƙe sun zaɓi wane, daga binciken jin ra'ayi ya samo, kuma masu binciken ba sa haɗuwa a lamba ɗaya. A 2024 binciken bakin rumfa ya ba Trump kashi 13 na ƙuri'un baƙaƙe, cibiyar Pew ta ce 15, na kamfanin dillancin labarai na AP ya ce 16. Saboda haka tambayi mutum daga ina ya ɗauko lambarsa, kuma kada ka bari ya gwada lambar wannan cibiya ta bana da ta wata cibiyar ta shekara huɗu baya ya ce maka an samu girgizar ƙasa.

Wanda ya ce baƙaƙe sun bi Obama ne don fata, yana da hujjar kashi 95 a 2008. Tambaye shi nawa suka ba Al Gore a 2000. Kashi 90 ne, kuma Bature ne jawur. John Kerry ya samu 88 a 2004. Obama ya ƙara, ya kuma fito da mutanen da ba su saba fita zaɓe ba, wannan ba musu. Amma jam'iyyar Democrat suke bi tun kafin a san shi. A 2006 a jihar Maryland, Michael Steele, baƙi ɗan Republican, ya nemi kujerar sanata da Ben Cardin, Bature ɗan Democrat, kuma akasarin baƙaƙe Cardin suka zaɓa.

Daga nan za a ce maka ai Republican ce ta 'yanta bayi, Democrat ce jam'iyyar masu bayi. Kada ka musa, haka ne. Abraham Lincoln ɗan Republican ne, kuma shekaru da dama baƙaƙen da aka bari su yi zaɓe jam'iyyarsa suke yi. Abin da mai maganar ya tsallake shi ne shekara ɗari da suka biyo baya. A zamanin Franklin Roosevelt, musamman zaɓen 1936, suka fara sauya sheƙa saboda talaucin da ake ciki. A 1964 Lyndon Johnson na Democrat ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a, abokin takararsa Barry Goldwater kuwa ya ƙi ta a Majalisar Dattawa. A 1965, bayan dukan da aka yi wa masu zanga-zanga a gadar Selma, aka yi dokar kare 'yancin zaɓe. Sannu a hankali Turawan kudu suka koma Republican, baƙaƙe suka tare a Democrat.

Ni mutum biyu ne ba na yarda da su a wannan gardamar. Na farko shi ne mai cewa komai fata ce. Shi sai ka tambaye shi yadda aka yi ƙananan hukumomi 206 suka zaɓi Obama har sau biyu, sannan suka zaɓi Trump a 2016. Ka tambaye shi Dearborn a Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa, inda Trump ya zo na ɗaya a 2024 saboda fushin Gaza. Ka tambaye shi ƙaramar hukumar Starr a kan iyakar Texas da Mexico, inda kusan kowa ɗan asalin Mexico ne, wadda ta zaɓi Republican a 2024 karo na farko cikin fiye da shekara ɗari. Kuɗin haya da na cefane su ma suna kaɗa ƙuri'a. Na biyu shi ne mai cewa fata ba ta da hannu ko kaɗan. Shi kuma ya faɗa maka wane shugaban Amurka ne aka taɓa matsa wa sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa yana kan mulki, in ban da Obama a 2011, mutumin da aka haifa a Honolulu a 1961. Kuma don kada ya ce ka ɗauki ɓangare, ƙara masa da Joe Biden, wanda a 2020 ya ce wa wani mai shirin rediyo baƙi cewa duk wanda ya kasa zaɓa tsakaninsa da Trump ba baƙi ba ne, daga baya ya janye. Ganin ƙuri'ar mutane kamar gadon gidanku shi ma raini ne.

Kada ka manta ba yawan ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Wakilai 538 ne, mai 270 ya ci. Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 a 2016, ta faɗi. Baƙaƙe ba su kai kashi 15 na ƙasar ba, amma a Georgia sun kusa kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙasa da ƙuri'a 12,000 ne suka raba Biden da Trump a can a 2020. In ana maganar tasirin wata al'umma, sa a faɗi jihar.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne turo abu ba bincike. Kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ya gano cewa a 2016 wani kamfani a St. Petersburg ta Rasha ya buɗe shafukan bogi a Facebook da Instagram da sunan 'yan gwagwarmayar baƙaƙe, kuma babu al'ummar da ya fi yi wa tarko kamar su. A 2024 BBC ta bankaɗo hotunan Trump cikin dandazon baƙaƙe ana dariya, waɗanda magoya bayansa suka haɗa da manhajar ƙirƙirar hoto. A shekarar ce kuma aka yaɗa cewa 'yan Haiti a Springfield ta Ohio suna cin karnuka da kyanwoyin maƙwabta, har maganar ta shiga muhawarar 'yan takara ta Satumba, alhali hukumomin garin da gwamnan jihar, wanda shi ma ɗan Republican ne, sun ce babu hujja. Saboda haka in hoto ya zo maka, sa shi a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa da ranar. Ƙara girmansa ka duba yatsu da rubutun da ke jikin riguna da huluna, nan na'ura ta fi yin tuntuɓe. In guntun bidiyo ne na daƙiƙa 20, nemi cikakken jawabin ka saurari abin da aka faɗa kafin wurin da bayansa. In kuma an ce wata jarida ce ta ruwaito amma hoton allo kawai aka turo, shiga shafin jaridar da kanka ka nemi kanun. Idan babu, faɗa a zauren cewa ka duba babu, ka sa adireshin shafin da ka duba.