Idan Kwamfutar da Ka Harhaɗa da Hannunka Ta Ƙi Tashi ko Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya harhaɗa su da hannunsa, ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan ya danna maɓalli karo na farko ya ji shiru. A lokacin zuciya takan raya masa cewa jabun kaya aka sayar masa, ko kuwa ya ƙona furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, alhali sau da yawa laifin bai wuce waya guda da ba ta zauna daidai ba. Shawarar da na fi nanatawa ita ce kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Ka taɓa abu guda, ka gwada, sannan ka wuce gaba, domin wanda ya cire RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) ya sauya waya ya kuma taɓa BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows) a zama ɗaya, ko ta tashi ba zai san abin da ya warkar da ita ba. Kafin ka sa hannu cikin akwatin kuma, ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa jiki tara tartsatsin da ke iya lalata kaya.

Idan ba ta motsa ba sam, babu fanka babu fitila, ka fara daga bango: soket, waya, da makunnin da ke bayan fawa fak, wato ɗan akwatin da ke rarraba wa kayan ciki wuta. Wasu tsofaffin fawa fak, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Amurka, suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce, kuma wanda ya jona shi yana kan 115 zai ƙona shi nan take. Daga nan sai ka duba manyan wayoyi biyu da ke shiga madabod (babban faifan da ake dasa sauran kaya a kai), wato mai fil 24 da mai fil 8 ta furosesa da ke can saman kusurwa, wadda sabon hannu ya fi mantawa da ita. Kowacce sai ka danna ta har ka ji ƙas. Kada ka rikita ta furosesa da ta katin hoto (katin da ke fitar da hoto zuwa allo) mai fil 6 da 2, kuma kada ka ari wayar wani fawa fak ka sa a naka ko da bakinta ya shiga, domin jerin wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai 'yan siraran wayoyin gaban akwati. Ka buɗe littafin madabod, ka nemo fil biyu da aka rubuta wa PWR_SW, ka cire wayar da ke kansu, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan fankoki suka juya, to, maɓallin akwatin ne ko wayarsa ke da laifi. Idan kuwa fanka ta yi rabin juyi ta tsaya cak, wannan alama ce ta wuta na haɗuwa a wani wuri, kuma abin zargi na farko shi ne ƙafar tagulla da aka ɗaura a akwati inda madabod ba shi da rami, tana gogar bayansa. Ka fito da madabod ka ɗora shi kan kwalinsa, da furosesa da abin sanyaya shi da RAM guda kawai, ka sake gwadawa. Fawa fak dai ba a kwance shi, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce fankoki su juya, fitilu su kama, amma allo ya zauna baƙi ƙirin. Ka fara duba inda ka jona wayar allo, domin idan akwai katin hoto, a jikinsa ake jonawa. Furosesan Intel da sunansu ya ƙare da harafin F ba sa ba da hoto da kansu, haka ma furosesan AMD na jerin Ryzen 5000 in ban da masu harafin G. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda tashin ya maƙale. Idan ta DRAM ce, ka cire RAM ka mayar da guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, ka danna da ƙarfi har maƙallan su rufe; mutane da dama suna jin tsoron dannawa, sai su bar shi rabi a waje. A nan akwai buƙatar haƙuri, domin RAM irin DDR5 kan ɗauki mintuna a tashin farko yana daidaita kansa, allo kuma babu komai. Idan duk wannan bai yi ba, ka zare wuta ka cire ɗan batirin CR2032 da ke jikin madabod na mintuna biyar don BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. Akwai kuma tsohon madabod da bai san sabon furosesa ba, kamar madabod B450 da furosesa Ryzen 5000, wanda sai an sabunta masa BIOS kafin ya karɓe shi.

Wadda ke tashi ta yi aiki sannan ta mutu farat ɗaya, zafi ko wuta ke damunta. Ka shiga BIOS ka kalli ma'aunin zafi. Idan yana hawa zuwa digiri 90 alhali ba a aikin komai, ka cire abin sanyaya furosesa ka juya gindinsa. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da 'yar farar ledar kamfani tana nan manne, man isar da zafi da aka shafa ya baje a kanta bai taɓa ƙarfe ba. Ka tabbata fankarsa tana jone a CPU_FAN, ƙurar hunturu kuma ba ta toshe haƙoransa ba. Idan mutuwar tana zuwa ne sa'ad da katin hoto ya ɗauki nauyi, fawa fak ne ya gaza, ko kuma wutar gida ce ke sauka, abin da UPS, na'urar batir mai riƙe wa kwamfuta wuta, zai taimaka a kai. Idan ka kunna XMP ko EXPO, wato saitin BIOS da ke ƙara wa RAM gudu, ka kashe shi, ka gwada RAM da manhajar MemTest86. Lambar Kernel-Power 41 da ake gani a Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, shaida ce kawai cewa ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, ba ta faɗin dalili.

Ƙin mutuwa kuwa galibi daga saiti yake. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012 aka shigo da Fast Startup, wanda ke adana wani ɓangare na tsarin a faifai maimakon ya rufe komai, kuma direba guda (manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta) mai matsala ta isa ta sa allo ya ɗauke fankoki na ci gaba da juyi. Ka riƙe Shift yayin da kake danna Shut down. Idan ta mutu lafiya, ka kashe Fast Startup a sashen saitin wuta, ka sabunta direbobin madabod daga shafin kamfaninsa. Idan tana farkawa da kanta daga barci, umarnin powercfg /lastwake, idan ka rubuta shi a Command Prompt na Windows, zai nuna abin da ya tashe ta, wanda sau da yawa linzami ne ko katin intanet. Fitilar kibod da ke ci bayan an kashe ba cuta ba ce, wutar jira ce mai volt 5, kuma kunna saitin ErP a BIOS yana yanke ta. Wadda kuma ke kunna kanta duk lokacin da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, ka nemi saitin Restore on AC Power Loss a BIOS ka mayar da shi Power Off.