Gwajin jini na cutar hannu, ƙafa da baki: yaushe, kuma ta yaya

Yaron da ya yi zazzaɓi, bakinsa ya yi gyambo, ƙuraje suka feso masa a tafin hannu da na ƙafa, likita kan gane ciwonsa da ido, kuma yakan warke cikin kwana 7 zuwa 10. Ana neman gwaji ne idan ciwon ya tsananta, ko ya bazu a makaranta, ko ana tantama da ƙarambau ko ƙyandar biri. Cutar hannu, ƙafa da baki ba ita ce cutar boru ta shanu ba, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke fama da ita.

Ƙwayoyin da suka fi kawo ta su ne Coxsackie A16, A6 da EV-A71. Gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ta yake aunawa. Garkuwa iri biyu ake aunawa: IgM kan fito cikin kwanakin farko, IgG ta biyo baya ta daɗe shekaru.

Don haka ɗibar jini sau ɗaya ba ta isa. A ɗibi mililita 2 zuwa 3 a makon farko, a sake bayan mako 2 zuwa 4, a auna su tare. Sai garkuwar ta ninka sau huɗu ake cewa sabon kamu ne.

Kwalba mai jan murfi ake so, wadda ba maganin hana daskarewa a ciki. A bar jinin minti 30 ya daskare, a juya shi a injin raba jini minti 10, a tsiyaye ruwan saman. Firji mai digiri 2 zuwa 8 zai riƙe shi 'yan kwanaki, fiye da haka sai firiza. A Jos wuta ce matsalar: ruwan da ya narke ya sake ƙanƙara sau da yawa ya lalace. Jinin da aka zuƙo da ƙarfi ko aka jijjiga yakan fashe, ruwan ya yi ja, sai an sake ɗiba.

Sakamakon ma yana yaudara. Ƙwayoyin dangin juna ne, garkuwar wata kan amsa wa wata. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa yana ɗauke da IgG ta uwarsa. Idan ƙurajen ba su bushe ba, gwajin PCR na maƙogwaro, ruwan ƙurji ko bayan gida ya fi, shi ne ke kama ƙwayar da kanta.

Yaro mai yawan barci, zabura, sanƙarewar wuya ko haki, a kai shi asibiti nan take, ba a jiran sakamako.